Kujerar Baya

Sau arba'in da ɗaya na zauna a bayanka, Nahuel,
ina kallon ƙeyarka tana jiƙewa da gumi.
Ran Asabar ɗin nan na fito,
na ɗaure bel ɗin kujerata a kan babu kowa,
na bugi murfin gilashi da tafin hannu sau biyu.
Ka ce, "Malama Ofelia, jirgin ya yi shafal."
Na ce, "Nauyina ne ya sauka. Naka yana nan."

Jirgin ja ya kai ka saman duwatsun Kordoba,
ya sakar maka igiya.
Babu inji, babu mai,
fukafukai biyu farare tas
da jan zaren ulu ɗaya manne a gilashi
yana gaya maka inda iska ta sa gaba.
Minti goma sha bakwai.
Shayin mate ya huce a hannuna ban kurɓa ba,
mahaifinka na jingine da a-kori-kurarsa yana murza bakin hula.

Ka dawo yadda na koya maka,
ka bi gefen gonar alfalfa,
ka karya kwana a kan rumbun tsoho Evaristo,
ka buɗe birkin fukafukai rabi.
Sai tutar iska ta yi laƙwas a kan sandarta
kamar an zare mata laka.
Can bayan dogayen itatuwa wani gajimare
yana zubar da ruwan da ba ya isowa ƙasa.
Na gan shi. Rediyo na hannuna.
Daƙiƙa biyu na yi ina ce wa kaina:
ƙyale yaro, kar ki rikita shi.

Iskar ba ta gefe ta zo ba.
Daga bisa ta sauko, mai sanyi, a miƙe, kamar taɓarya.

Ka ja sanda baya.
Kowa ma haka zai yi:
wanda ƙasa ta taso masa, kai yake ɗagawa.
Darasin kuwa ya ce sunkuyar da hanci, rufe birki,
sayi gudu da ɗan tsawon da ya rage maka.
Na rubuta wannan da alli, ka kwafa, ka ci jarrabawa.
Amma duk ranar da iska ta danne mu a sama
hannuna yakan riga naka isa ga sanda,
ka sauko kana murna da abin da ba kai ka yi ba.

Fiffiken hagu ya kama wayar shinge.
Ƙara ɗaya, irin ta babbar ƙwarya in ta faɗi,
sai shiru,
shirun jirgin da tun asali ba shi da injin da zai mutu.
Da muka iso, na'urar hawa da sauka
tana ta gurnaninta a ƙasan murya,
tana gaya maka har yanzu faɗuwa kake.

Ƙashin baya biyu, idon sawu ɗaya.
A takardar bincike, gurbin dalili ɗan ƙarami ne,
kalma ɗaya ta cika shi: iska.
Na sa hannu.
Evaristo ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,
na ce masa jifa ba shi da malami.

A asibiti ba ka tambaye ni rediyo ba.
Littafin tashinka ka miƙo, ka ce in cike layin:
minti nawa, da wa?
Na rubuta sha bakwai.
Gurbin "da wa" na daɗe a kansa da biro,
kafin na rubuta: shi kaɗai.

Yanzu wata yarinya ce a gabana, Ludmila,
ƙeyarta ma tana gumi.
Kai kana bakin fili da sandar dogarawa, kana riƙe mana agogo.
Jiya iska ta ɗan danne mu a kan rumbun nan,
na tusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina,
na ce, "Naki ne,"
na ƙirga ɗaya.